Tsakanin Gona Da Kasuwa: Ina Kuɗin Abinci Ke Maƙalewa?

Alƙaluman da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar na watan Yunin 2024 sun nuna cewa farashin kayayyakin abinci a Nijeriya ya tashi da kashi 40.87 cikin ɗari idan aka kwatanta da watan Yuni na shekarar da ta gabace ta. A wannan lokaci babban kwandon tumatir ya haura Naira dubu ɗari a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kafin ƙarshen shekarar kuma buhun shinkafa mai nauyin kilo 50 ya doshi Naira dubu ɗari a wasu biranen ƙasar nan. Magidanta suka yi ta kokawa, jama'a da dama kuma suka ɗauka cewa kakar manoma ce ta yanke saƙa.

Shekara guda bayan haka sai kukan ya koma gona. A cikin 2025 farashin masara da na shinkafa shanshera ya faɗi ƙwarai a kasuwannin karkara na jihohin Kaduna da Katsina da Kano da Kabi, a wasu wuraren da kusan rabi ko fiye, har ta kai ga buhun masara guda ba ya iya sayen buhun takin zamani guda. To amma mai sayen kiret ɗin ƙwai a Badun, ko mai cin farantin shinkafa a gidan abinci a Fatakwal, bai ga sauƙin da ya yi daidai da wannan faɗuwa ba.

Wannan al'amari ya sake tayar da wata tsohuwar tambaya wadda ta shafi kowane ɗan kasuwa mai harkar abinci tsakanin Arewa da Kudu: daga cikin kuɗin da mai saye ke biya a birni, nawa ne ke isa hannun manomi, sauran kuma ina suke tsayawa?

Yadda Lissafin Yake

Masana tattalin arziki suna kasa farashin kowane irin abinci gida biyu. Akwai kason manomi, wato abin da aka biya shi a bakin gona ko a kasuwar ƙauyensa. Akwai kuma kason hanya, wanda ya ƙunshi kuɗin buhu da dako da lodi, da kuɗin mota, da la'adar dillali, da haraji iri-iri, da ajiya, da asarar abin da ya lalace, da kuɗin sarrafawa, da ribar duk wanda kayan ya bi ta hannunsa.

Alal misali, a ɗauka cewa mai saye na biyan Naira 100, Naira 40 na zuwa ga manomi, Naira 60 kuma kason hanya ne. Idan farashin gona ya faɗi da rabi ya koma Naira 20, alhali kason hanya bai motsa ba, mai saye zai biya Naira 80. Ke nan manomi ya yi asarar kashi 50 cikin ɗari na kuɗin shigarsa, shi kuwa mai saye sauƙin kashi 20 kawai ya gani. Haka kuma idan man mota ya yi tsada har kason hanya ya tashi daga Naira 60 zuwa Naira 90, mai saye zai biya Naira 130 ba tare da ko kwabo ya ƙaru a aljihun manomi ba, kasonsa ma ya ragu daga kashi 40 zuwa kimanin kashi 31 cikin ɗari.

Daga wannan lissafi za a fahimci cewa gwargwadon nisan tafiyar kaya da yawan aikin da aka yi masa, gwargwadon ƙanƙantar kason manomi. A Amurka, inda akasarin abinci ke isa ga mai ci bayan an sarrafa shi an ƙunshe shi, ma'aikatar aikin gona ta ƙasar ta daɗe tana wallafa wannan ƙididdiga, kuma a 'yan shekarun nan kason gona bai wuce kimanin santi 15 cikin kowace dala ba. A Arewacin Nijeriya kuwa, binciken da H. M. Hays ya gudanar a yankin Zariya a farkon shekarun 1970, ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ya gano cewa manomin gero da dawa na samun kusan kashi biyu cikin uku na farashin da ake sayarwa a birni. Dalilin wannan bambanci a fili yake: hatsi ne tsaba, bai yi tafiya mai nisa ba, ba a kuma niƙa shi ko dafa shi ba. Da zarar buhu ya hau mota zuwa Legas, ko masara ta rikiɗe ta zama abincin kaji sannan ta zama ƙwai, to lissafin ya sauya.

Hannun Da Kaya Ke Bi

Buhun masarar da aka noma a yankin Saminaka ko Giwa ko Ɗandume yakan bi ta hannu huɗu ko biyar kafin ya isa tukunya. Mai tara kaya a ƙauye shi ne na farko, yana bi gida-gida ko kasuwar mako yana aunar kwano-kwano har ya cika buhu. Daga nan sai dillalin babbar kasuwar yanki, wanda ke haɗa mai kaya da baƙon da ya zo saye ya karɓi la'ada. Sai babban ɗan sari mai rumbun ajiya a kasuwa irin ta Dawanau da ke Kano, wadda ake lissafa ta a matsayin kasuwar hatsi mafi girma a Afirka ta Yamma. Sai falken da ke ɗaukar kaya zuwa Bodija a Badun ko Mile 12 ko Anacha. Na ƙarshe ita ce mai sayarwa a unguwa, wadda ke auna wa masu saye da gwangwani ko da robar fenti.

Mutane da yawa na ganin waɗannan 'yan tsakiya a matsayin ci-ma-zaune. Sai dai kuma duk wanda ya san harkar ya san kowane hannu da aikin da yake yi. Manomi mai buhu uku ba zai iya ɗaukar hayar tirela ba, mai shago a Agege kuma ba za ta iya zuwa Funtuwa sayen buhu ɗaya ba. Tun a 1969 Abner Cohen ya bayyana, a littafinsa kan unguwar Sabo ta Badun, yadda maigida ke sauke fataken shanu da na goro, ya ajiye musu kaya, ya samo masu saye, ya kuma tsaya musu a kan bashi. Wannan tsari na amana shi ne ke tafiyar da cinikin abinci tsakanin sassan ƙasar nan a wuraren da banki da kotu ba su kai ba, kuma la'ada ita ce ladarsa.

Wani abin da ke ƙara rikita lissafi shi ne rashin ma'auni guda. Buhun da ake cewa na kilo 100 ne ba kasafai ake ɗora shi a sikeli ba. Tiyar Kano daban take da mudun Kaduna, kongon Badun daban yake da derikar Legas. A wurin saye ana son kwano ya yi tozo, a wurin sayarwa kuwa a shafe shi. Ribar da ke ɓoye a cikin ma'auni ba ta fitowa a cikin kowace irin ƙididdiga, amma manomi da mai saye su ne ke biyan ta.

Man Mota Da Shingayen Hanya

Daga Kano zuwa Legas tafiyar kimanin kilomita dubu ce, kuma kusan dukkan abincin da ke sauka Kudu a kan titi yake tafiya. Manyan motoci da man dizal suke aiki, shi kuwa dizal an daɗe da sakin farashinsa. A farkon 2022 lita na kan kimanin Naira 300, amma bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan watanni, kafin ƙarshen 2023 kuma ya haura Naira 1,000.

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa kimanin Naira 500, a watan Oktoban 2024 kuma ta haura Naira 1,000 a Abuja. Wannan ya shafi ƙananan motoci da baburan da ke fito da amfani daga ƙauye, da masu rarraba shi cikin birni, har da injin ban-ruwan manomin rani. Bugu da ƙari, a watan Yunin 2023 aka saki darajar Naira, dala ta tashi daga kimanin Naira 460 har ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Taya da kayan gyaran mota, waɗanda daga waje ake shigo da su, suka bi sahu.

Bayan tsadar mai akwai ta shingaye. Dokar soja mai lamba 21 ta 1998, wadda ta fayyace harajin da kowane matakin gwamnati ke da ikon karɓa, ta haramta kafa shinge a kan titi domin tara haraji. Duk da haka ƙungiyoyin direbobi da na fataken abinci sun daɗe suna kokawa kan yawan wuraren da ake tsayar da su tsakanin Arewa da Kudu, inda ake neman takardar jiha, da ta ƙaramar hukuma, da kuɗin amfanin gona, ban da na goro da ba a ba da rasit a kansa. Kowace tsayawa kuɗi ce, kuma ɓata lokaci ne. Ambaliyar da ta auka wa garin Mokwa na jihar Neja a ƙarshen watan Mayun 2025, wadda ta yanke babban titin da ya haɗa Arewa da Kudu maso Yamma, ta nuna yadda cinikin abincin miliyoyin jama'a ya rataya a kan 'yan gadoji ƙalilan.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan kuɗaɗe ba ruwansu da farashin gona. Ko masara ta yi tsada ko ta yi araha, tirela man da za ta sha ɗaya ne, kuma shingayen da za ta ratsa ba su ragu ba.

Tumatir Da Lissafin Asara

Babu amfanin gonar da tazarar ta fi bayyana a kansa kamar kayan gwari. A yankin Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke ciyar da noman rani, tumatir na nuna kusan lokaci guda tsakanin Janairu da Afrilu. A irin wannan lokaci kasuwar Kwanar Gafan kan cika maƙil, manomi kuma ba shi da zarafin jira, domin abin da ya tsinka yau ba zai kai jibi da kyaunsa ba. Farashin da falke ya taya, shi ne farashi.

Shi ma falken ba a kan gadon fure yake ba. Kwandon kaba da ake jibga wani kan wani yana matse na ƙasa, ga zafin rana, ga tafiyar kwana biyu ko fiye. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne cewa kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari na tumatirin da ake nomawa a Nijeriya na lalacewa kafin ya kai ga mai ci. A ɗauka falke ya sayi kwando 100 a kan Naira 10,000 kowanne, wato Naira miliyan ɗaya, sai kwatankwacin kwando 30 ya ruɓe a hanya. Sauran 70 su ne za su ɗauki nauyin kuɗin duka, don haka kowane kwando ya tsaya masa a kan kusan Naira 14,300 tun kafin a sa kuɗin mota da na sauke kaya. Wanda ya kwatanta farashin Kwanar Gafan da na Mile 12 kai tsaye zai ɗauka riba ce tsagwaronta, alhali wani kaso mai yawa na bambancin a bola ya ƙare.

Idan damina ta kama, ko tsutsar nan ta Tuta absoluta ta ɓulla kamar yadda ta yi a 2016 har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, farashi kan yi tashin gwauron zabi a birane. Amma a daidai wannan lokaci akasarin manoma ba su da abin sayarwa. Tsadar da jaridu ke bugawa tana zuwa ne bayan gonaki sun bushe. Kamfanin sarrafa tumatir na Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, wanda aka gina domin ya riƙa shanye tan 1,200 a kullum, ya sha tsayawa da aiki saboda ƙarancin kaya da saɓanin farashi, domin a lokacin tsada manomi ya fi son kasuwa, a lokacin araha ne kawai yake neman masana'anta.

Darasin Yajin Aikin 2021

Wani abin da ya faru a farkon 2021 ya nuna wa kowa matsayin hanya a cikin farashin abinci. Bayan rikicin kasuwar Shasha da ke Badun a watan Fabrairu, haɗaɗɗiyar ƙungiyar fataken kayan abinci da dabbobi ta ƙasa ta dakatar da kai kaya Kudu daga ranar 25 ga wata, aka riƙa tsayar da motoci a Jeba, har zuwa ranar 3 ga Maris da aka janye yajin aikin.

Cikin wannan mako guda farashin tumatir da tattasai da albasa da nama ya yi sama a Legas da Badun, a kasuwannin Arewa kuwa kayan gwari suka yi kwantai, farashinsu ya faɗi warwas. Yawan abin da aka noma bai canza ba, yawan bakin da ke son ci bai canza ba. Hanya kawai aka toshe, sai farashin gona da na birni suka kama gabansu, wannan ya yi gabas wancan ya yi yamma. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023 sakamakon sauya fasalin Naira ya haifar da makamancin haka: a ƙauyukan da babu banki, manomi ya riƙa sakin kayansa da rahusa ga duk wanda ya zo da tsabar kuɗi a hannu.

Tazarar Kaka Da Bazara

Bayan tazarar wuri akwai tazarar lokaci. Hatsi ya fi araha daga Oktoba zuwa Disamba, ya fi tsada daga Yuni zuwa Agusta. Ƙaramin manomi da kaka yake sayarwa, domin lokacin ne bashin taki ke jiransa, ga kuɗin makaranta, ga hidimar aure, ga magani. Polly Hill ta bayyana wannan a littafinta na 1972 kan garin Batagarawa da ke kusa da Katsina, inda ta nuna yadda talakan manomi ke sayar da hatsinsa da araha bayan girbi ya dawo ya saya da tsada da damina, mai hali kuwa ya zuba a rumbu ya jira. Shekaru hamsin bayan haka tsarin bai sauya sosai ba.

Ita ma ajiya da nata kuɗin. Babban Bankin Nijeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 cikin ɗari a farkon 2024 zuwa kashi 27.5 a watan Nuwamban shekarar, bankunan kasuwanci kuma suka riƙa ba da rance a kan kimanin kashi 30. A kan irin wannan ruwa, wanda ya sayi buhu a Naira 40,000 ya ajiye wata shida sai ya ƙara Naira 6,000 kafin ya mayar da kuɗin banki kawai, ban da hayar sito da maganin ƙwari da ramewar buhu. Ko wanda ke juya kuɗinsa na kansa, hauhawar farashi na cin jarinsa yana kwance.

A watan Fabrairun 2024, lokacin da tsada ta yi tsanani, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbuna a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Babu shakka inda 'yan kasuwa ƙalilan suka mallaki jari da sito suna iya juya farashi na ɗan lokaci. Amma kuma idan babu mai ajiya, hatsi zai yi arahar banza da kaka ya ɓace da damina. Ainihin matsalar ita ce ikon jira yana hannun masu jari kaɗai, wanda ya yi noman ba shi da shi.

Saurin Hawa, Nawar Sauka

A shekarar 2000 Sam Peltzman na Jami'ar Chicago ya wallafa wani bincike kan ɗaruruwan kayayyaki, inda ya gano cewa a fiye da kasuwa biyu cikin uku farashin mai saye ya fi saurin bin tsadar kayan asali a kan bin araharsu. 'Yan kasuwar Nijeriya ba su buƙatar a fassara musu wannan. Mai shagon da ya cika sito da tsohon kaya mai tsada ba zai karya farashi ba sai ya ga bayansa. Wanda ya sha wuya a 2023 da 2024, inda ya sayar da kaya ya koma sari ya tarar kuɗin ba su isa ba, zai yi ɗari-ɗari kafin ya yarda cewa arahar za ta ɗore. Daɗin daɗawa, hayar shago da wutar lantarki da albashin yara ba su sauka ba.

A watan Yulin 2024 Ministan Aikin Gona Abubakar Kyari ya ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, na tsawon kwana 150. Wannan ya zo bayan shekarun da aka yi ana ƙarfafa wa manoma gwiwa da akasin haka, tun daga shirin bashin manoman shinkafa da aka ƙaddamar a Birnin Kabi a watan Nuwamban 2015 har zuwa rufe kan iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Shigowar kayan waje, tare da amfanin da aka samu da kuma ɗan kwanciyar darajar Naira, sun taru sun karya farashin hatsi a 2025. Ƙungiyoyin manoma da masu injinan gyaran shinkafa suka koka, wasu injinan ma suka rage aiki.

Masu saye sun ga sauƙi a kan buhun shinkafa da na masara, kuma hauhawar farashin abinci ta sauko ƙasa da kashi 20 cikin ɗari kafin ƙarshen 2025. Sai dai a tuna cewa Hukumar Ƙididdiga ta sauya ma'auninta a farkon shekarar, inda ta mayar da shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024. Haka kuma raguwar hauhawa na nufin tsada ta rage gudu ne, ba lallai ta juya da baya ba. Manomin da ya sayi taki da iri da maganin feshi a farashin tsada, ya zo ya sayar a farashin araha, shi ne ya ɗauki mafi yawan nauyin wannan sauƙi.

Hatsarin da ke tattare da haka ya shafi kowa. Manomi da farashin bara yake yanke shawarar abin da zai shuka bana. Wanda masara ta karya shi zai rage kadada, ko ya rage taki, ko ya koma waken soya da riɗi. Sakamakon ba ya bayyana sai bayan shekara, lokacin da ɗan sarin Bodija da mai gidan kaji na Ogun za su tarar kaya sun yi ƙaranci, farashi kuma ya sake tashi.

Ko A Koma Ga Hukumomin Ciniki?

Duk lokacin da irin wannan ya faru akan ji kiraye-kirayen a dawo da hukumomin cinikin amfanin gona. Ya kamata a tuna tarihinsu. A zamanin dalar gyaɗa ta Kano hukuma ce ke yanke farashin da wakilan saye masu lasisi za su biya manomi, kuma shekara da shekaru farashin na ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuwa gwamnatocin jihohi na wancan lokaci suka yi ayyukan raya ƙasa da ita. A 1977 aka kafa hukumomi na ƙasa baki ɗaya, ciki har da ta gyaɗa a Kano, da ta auduga a Funtuwa, da ta hatsi a Minna. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe su ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, bayan sun yi ƙaurin suna wajen jinkirin biya da tarin bashi. Hukumar hatsi kuwa ba ta taɓa riƙe wani babban kaso na cinikin gero da dawa da masara ba. Tarihin ya nuna cewa sa gwamnati a tsakiya ba ya rage kason hanya, mai karɓarsa kawai yake sauyawa.

Inda Gyara Zai Yiwu

Matakin farko shi ne sani. Hukumar Ƙididdiga na fitar da farashin zaɓaɓɓun kayan abinci a kasuwa kowane wata. Idan aka riƙa wallafa farashin bakin gona tare da shi, a kan kilo, jiha-jiha, kowa zai ga inda tazarar ke faɗaɗa, zargi kuma zai ragu. Shugabannin manyan kasuwanni na iya farawa da kansu ta hanyar ajiye sikeli da tsayar da nauyin buhu.

Na biyu, aiwatar da dokar 1998 a kan shingaye ba ya buƙatar sabon kasafi, niyya kawai yake buƙata daga gwamnonin jihohin da titin ya ratsa. Layin dogo na zamani daga Legas zuwa Badun ya fara aiki a watan Yunin 2021, kuma haɗa shi da Kano zai rage dogaro da titi ga kaya masu nauyi irin hatsi da shanu.

Na uku, asara ita ce wurin da ɗan kasuwa zai iya cin riba ba tare da ya cuci kowa ba. Akwatunan roba masu ɗaukar kimanin kilo 25, waɗanda ake jerawa ba tare da na sama ya danne na ƙasa ba, suna rage lalacewar tumatir sosai. Cikas ɗinsu shi ne tsadar saye da kuɗin mayar da su Arewa babu kaya, abin da ƙungiyar kasuwa za ta iya shawo kansa da tsarin haya.

Na huɗu, takardar shaidar ajiya, wadda manomi zai kai hatsinsa sito a auna a ba shi, ya karɓi rance da ita ya jira bazara. Kasuwar musayar amfanin gona ta Abuja, wadda aka mayar ga wannan aiki a 2001, da kamfanin AFEX da aka kafa a 2014, sun buɗe wannan hanya, dokar zuba jari ta 2025 kuma ta tanadi ƙa'idojinta. Saura ta isa ga mai buhu goma.

Na biyar, manufar shigo da abinci ta zama sananniya tun kafin shuka. Manomi da falke da mai masana'anta duk suna iya jure tsada ko araha idan sun san ƙa'idar wasan, amma ba za su iya tsara jari a kan dokar da ke sauyawa tsakanin shuka da girbi ba.

Ga 'yan kasuwar da ke zaune a Legas da Badun da Anacha da Fatakwal, arahar gona da ta wuce kima riba ce ta shekara guda. Falken da ya ba manomi farashin da zai iya mayar da kuɗin takinsa, ya kuma nemi ribarsa a cikin rage ruɓewa da ɓata lokaci, shi ne zai tarar da abin lodi a Saminaka da Kura idan kaka mai zuwa ta yi.